Muryar Iro Mai Maganin Ɓera

Ranar da Lawan ya kawo min motarsa ina zaune a bakin rumfa da kwanon ɗanwake a cinya. Ban ji isowarsa ba, don motar irin masu batir biyun nan ce da ake kira haibirid, wadda sai ta kusa taka maka ɗan yatsa kake sanin ta zo. Ya fito ko ƙofa bai rufe ba, gaisuwar ma rabi ya yi.

"Baba Garba, Baba ya yi shiru."

Na ce, "Allah ya jiƙan Malam Iro. Ai ya daɗe da yin shiru, Lawan. Da ni aka kai shi."

Ya ce, "Na cikin mota nake nufi."

Na ɗaga kai na kalli lasifikar da ke ɗaure a rufin motar, sai na rufe ɗanwaken na ture shi gefe. Ku samarin da kuke zuwa rumfata ku cika min benci kuna cewa aikin wayarin ya zama wasan yara, wai yanzu kwamfuta ake jonawa ta faɗi ciwo ta faɗi magani, wannan aikin nake so ku ji. In na gama sai ku nuna min inda za a jona kwamfutar.

Duk wanda ya ci kasuwa daga nan Dawakin Tofa har Shanono ya san Malam Iro mai maganin ɓera. Gajere ne siriri, in ya tsaya a bayan buhun dawa sai hularsa kake gani, amma muryarsa takan cika kasuwa har ta yi saura. Maganin ɓera yake sayarwa, da na ƙwarin rumbu, da na kuɗin cizo. Tsakani da Allah maganinsa bai fi na kowa ba, tallar ce ta fi ta kowa. Yakan zagi ɓera kamar wanda suka yi rigimar gona, ya ambato masa uwa da uba, ya jero laifinsa tun daga iri har rumbu, mutane na dariya suna miƙa hannu. Da girma ya zo numfashi ya ragu, sai ya ɗauki tallar a kaset. Da kaset ya daina yayi aka kai birni aka juye a faifan CD, kaset ɗin kuma ya bi inda tsofaffin kaset suke bi. Bayan rasuwarsa babban ɗansa Lawan ya gaji sana'ar da faifan. Muryar ce dai bai gada ba. Lawan in ya yi sallama a zaure sai ya yi ta maimaitawa kafin a ji a cikin gida. Ya taɓa gwada tallar da bakinsa a kasuwar Gezawa, wata tsohuwa ta matso ta tambaye shi wa ya rasu.

To abin da ke cikin motar ke nan, faifai ɗaya tilo, ba shi da na biyu. Ya tsufa, bayansa duk zane, gefensa ya fara ɓarewa. Lawan ya sha kai shi wajen masu tura waƙa a waya don su kwafe masa, kowace kwamfuta ta juya shi, ta juya, ta tofo shi. Rediyon motar nan kaɗai ke haƙuri da shi, shi ma sai ya yi gurnani kafin ya kama. Shi ya sa tun da faifan ya shiga Lawan bai ƙara fito da shi ba. In rediyo bai tashi ba babu murya, in babu murya babu ciniki, kuma bakin da ke ci daga wannan tallar ba kaɗan ba ne. Na tambaye shi me ya hana tuntuni ya kara waya a jikin lasifika ya ɗauka ya ajiye. Ya ce kullum yana niyya. Ban yi masa faɗa ba, don wannan niyyar ita ke ciyar da mu masu gyara.

Motar tsohuwa ce. Ta gama rayuwarta ta farko a Amurka, ta yi ta biyu a hannun wani ma'aikaci a birni, Lawan ya karɓe ta a ta uku. Babban batirin da ke bayan kujerar baya ya gaji, shi ne ya kai ta birni wajen Habibu mai gyaran irin waɗannan motoci aka sa mata wani. Mota ta tashi lafiya lau, tana tafiya kamar an haife ta jiya. Sai dai allon gaba ya yi baƙi, da wani ɗan rubutun Turanci a tsakiyarsa. Rediyo babu, taswira babu, maɓallin fito da faifai ma in ka danna kamar ka danna bango. Habibu ya ce masa ya zo wajena.

Ni ba a kan irin waɗannan motoci na koyi aiki ba. Ubangidana Oga Mamman, a wani gareji a birnin Kano, bai bar ni na taɓa wayar mota ba sai da na gaji da wanke kan batir da ruwan zafi da fere bakin waya da reza. Kayan aikinsa duka a jakar buhu ɗaya suke: filaya, sukundireba, 'yan sufanu, reza, dalma, salatif, sai ƙwan fitila da aka jona wa waya biyu. Wannan ƙwan shi ne kwamfutarmu. In ya kama akwai wuta, in bai kama ba ka bi wayar da hannunka, ka kwanta a ƙasa, ka shiga ƙarƙashin sitiyari ƙafafu a sama, har ka iso inda ta mutu. Oga ba ya duka, amma yana da wani kallo da za ka gwammace dukan. Babbar dokarsa ita ce kada ka buɗe mota sai ka buɗe mai ita. Wa ya taɓa ta ƙarshe, me ya cire, me ya ƙara. Yakan ce mai mota ba ƙarya yake maka ba, mantuwa yake, aikinka ne ka yi ta jansa da hira har abin ya faɗo daga bakinsa.

Da wannan na dawo gida na kafa rumfa, kuma na ci abinci da ita shekara da shekaru. Sai shekarar da mai ya yi tsadar nan da kowa ya sani. Motocin garin nan suka kwanta a gindin bishiyoyi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Sai in wuni ban ga mai ƙonannen fis ba, balle babban aiki. Na koma gyaran tocila da fanka mai caji, da damina ta faɗi na ɗauki fartanya kamar kowa. Da motoci suka fara dawowa kan titi kuma, sai ga su wasu iri, masu shan mai kaɗan, cikinsu cike da wayoyi masu kauri ruwan goro. Wutar da ke cikin waɗannan wayoyin ba irin ta ƙaramin batir ba ce da ke ɗan fizgarka ka yi tsaki. Wannan in ta kama ka sai dai a sanar a masallaci. Na ji tsoronsu ƙwarai, ban ɓoye wa kowa ba. Haka na ɗauki furfurata na tafi birni na zauna a bencin Habibu, sa'an ɗana, ina kallo yana koya min inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. Mutum ne mai natsuwa, ya san aikinsa. A ƙarshe muka yi rabo: babban batir nasa, abin da ya biyo baya nawa.

Abin da ke biyo baya kuwa yana da yawa. Kafin a kai ga babban batir sai an cire kan ƙaramin batir, an ɗaga kujerar baya, an zare soket iri-iri. Wajen mayarwa ko wa ye sai wani abu ya kuɓuce masa wata rana. An taɓa kawo min motar wata Hajiya da rediyonta ya koma kukan zuma bayan canjin batir, in an taka mai kukan ya ƙaru, har ta fara zargin an yi mata wani abu ne. Ashe wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ce aka ɗaure a kan fenti. Na kankare fentin na ƙara matse noti, zumar ta watse. Hajiya ta ɗan ji haushi ma da abin bai kai yadda ta zata ba.

Saboda haka na motar Lawan ban ɗauke shi da zafi ba da farko. Na sa mita a ƙaramin batir, wuta cike. Na bi fis ɗaya bayan ɗaya da ƙwan fitilata, duk da ransu. Na zame kujera na laluba soket ɗin amfilifaya, yana zaune daram. Na ɗaga kujerar baya na duba ko an danne wata waya, na bi notin da Habibu ya ɗaure, ko ɗaya bai yi sako-sako ba. Na bi wayar lasifikar rufi, wadda ni na jona ta da hannuna, ita ma lafiyarta lau. Babu abin da ya fi ba mai wayarin haushi irin ya tarar da komai daidai alhali abu ba ya aiki. Lawan na tsaye a kaina yana sauke ajiyar zuciya, ga shi jibi kasuwa.

Turancina na sunayen kayan wuta ne, su fis da rile, bai kai na karanta allo ba. Na ɗauki hoton rubutun na tura wa Habibu. Ba a jima ba ya kira, na sa a sifika.

"Baba, faifanta take nema."

Na ce, "Faifai ai yana ciki. Shi ne ma damuwar."

"Ba wannan ba, na taswira. Duba ƙarƙashin kujerar direba, akwai wani ɗan akwati mai baki."

Na duba, ga akwati, cikinsa wayam. Habibu ya yi mana bayani. Karatun da allon yake tashi da shi a cikin faifan taswira yake. Muddin wuta ba ta yanke ba yana riƙe da haddarsa ko an zare faifan. Da aka cire kan ƙaramin batir hadda ta zube, yanzu ba zai buɗe komai ba, ko rediyo ko CD, sai ya sake karantawa daga faifan. Taswirar nan fa ta Amurka ce, ba ta san Kano ba balle Dawakin Tofa. Tun da motar ta zo ƙasar nan abin da take nunawa fili ne shuɗi da kibiya a tsakiya. Amma ita ce ta riƙe ƙofa.

Habibu ya ce, "Irin faifan nan ya yi wuya, sai dai a sa a nemo daga waje, kuma ban san yaushe ba. Mafi sauƙi a cire wannan a sa sabon allo irin na waya. Yau ɗin nan a gama."

Lawan ya ce, "To Baba fa?"

"Sai a kwance rediyon a ciro faifan a ba ka."

"Ya yi magana a ina?"

Habibu shi ma ya taɓa gwada faifan a kwamfutarsa ta tofo shi. Sai ya ce bari ya hau babur ya zo.

Na juya kan Lawan. Ya rantse bai taɓa ganin wani faifan taswira ba, haka ya sayi motar. Ban musa masa ba. Na sa aka kawo mana shayi, na shiga tambayarsa ranar da ya karɓi motar, wa ya raka shi, ta wace hanya suka biyo, wa ya wanke ta. Ya ce shi ya wanke ta da kansa, ciki da waje, har ƙarƙashin kujera ya share, ya tsinci biro da 'yar safar jariri. Sai ya tsaya da kofi a hannu.

"Wani dai na gani mai hoton tituna a bayansa. Na danna wani abu ya fito. Amma Baba Garba wannan ba ya komai, na sa shi a rediyo ko kiɗa babu."

"Ina yake?"

"Na jefa shi a but ɗin mota cikin kaya." Ya yi ɗan tunani, sai ya dafe kai. "Inna."

Nan take na gane. Lokacin ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai ya fara ƙosawa. A ƙauyukanmu in gero ya kai haka tsuntsu ne abokin gaba, kuma tun da yara suka koma makaranta aka rasa masu wuni a gona suna buga gwangwani, sai mutane suka gano amfanin mataccen faifai. A zura zare ta hujin tsakiya a rataye a kan sanda, iska na juya shi yana walƙiya, tsuntsayen jan-baki su yi ta shawagi su kasa sauka. Mahaifiyar Lawan, Inna Dije, tana da 'yar gayaunarta a bayan gari, kuma kowa ya san ba a ajiye faifai a inda idonta zai kai.

Habibu ya iso, bayan la'asar muka kama hanya, ni da Lawan a mota, Habibu na bin mu a babur. A hanya Lawan ya roƙe mu kada mu gaya mata abin da ke cikin rediyon. Ya ce tun rasuwar bai taɓa kunna tallar a garinsu ba, sai ya fita hanya, don kada ta ji hankalinta ya tashi. Muka lallaɓa da motar ta burtali har bakin gonar.

Ban taɓa ganin gona mai ado irin wannan ba. Ko'ina walƙiya, kamar an yi wa geron kwalliyar Sallah. Inna Dije na zaune a ƙarƙashin gawo da sandarta, ta bi mu da kallo har muka durƙusa. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafata. Lawan ya fara kewaye-kewaye, na ga za mu kai magariba, na karɓe.

"Innar Lawan, faifai ɗaya muka zo aro. Motar ce ta ƙi lafiya sai da shi."

"Garba mai waya, da girmanka? Mota ta ƙi lafiya a nemi maganinta a gonata?"

"Wallahi haka abin ya zo."

"Kowanne da wurinsa. Ka cire ɗaya, tsuntsayen nan sun ga ƙofa ke nan. Kana ganinsu a kan gawon nan, ba barci suke ba."

Na ce gobe zan aiko mata da faifai cike da leda, ina da su a rumfa. Ta ce goben ai sun riga sun karya kumallo. Lawan ya ce zai tsaya a wurin da kansa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce da wace muryar zai kore su. Sai Habibu ya miƙe. Ya je wajen babur ɗinsa da sufana, ya kwance madubi ɗaya ya kawo ya ajiye a gabanta. Ta ɗauka, ta juya shi a rana, ta ga yadda yake jefa haske har ƙarshen gona.

"Wannan ɗan wa ye? Ya fi ku hankali. Ku shiga, amma wanda ya karya min kara zai gamu da ni."

Haka magidanta uku muka shiga gero ya rufe mu, muna bin sanda-sanda muna juya faifai. Akwai na wa'azi, akwai na fim, akwai na bikin wasu mutane da ban san su ba, ango na murmushi rana ta cinye masa rabin fuska. Ƙaiƙayi ya cika min wuya, Inna na daga bakin gona tana ba da umarni. Ni da na yi zaton na gama shiga wurare masu wuya a wannan sana'a, ban taɓa neman kayan gyara a tsakiyar kunyar gero ba sai ranar. Can daga kusurwar gabas Habibu ya ɗaga murya ya ce ya gani.

Ya kawo shi na duba. Hoton titunan ya koɗe, kashin tsuntsu ya bushe a kai, ga ƙasa da ruwan sama ya fantsamo. Muka wanke shi da ruwan butar Inna, a hankali, daga tsakiya zuwa baki. Na sa ɗan makilin da nake ajiyewa a jaka don irin wannan na goge zanen da ya fi zurfi, na tsane shi da cikin hulata. Na ɗaga shi a rana, na yi bisimilla, na tura a akwatin.

Akwatin ya haɗiye, ya yi ƙara, ya yi shiru. Allon ya ƙifta. Sai wani ɗan layi ya fito ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ya je tsakiya ya tsaya. Lawan ya fara salati a hankali. Ni dai na san in ya tsaya a nan babu sauran dabara a jakata. Layin ya ƙara motsawa, ya ja jiki, ya kai ƙarshe. Sai ga filin nan shuɗi da kibiyarsa. Ban taɓa murnar ganin abu marar amfani irin ta ranar ba.

Lawan ya kai hannu, Habibu ya tare shi.

"Tsaya tukuna. Kowa ya fito da wayarsa ya fara ɗauka. Faifan Malam Iro ya daɗe a kwance cikin zafi, ban san ko zai kama sau biyu ba. In ya kama, kada wanda ya taɓa komai har ya tsaya da kansa."

Muka kara wayoyi a lasifikar ƙofa. Lawan ya waiga wajen Innarsa, ya buɗe baki zai ce a zare ta rufin, Habibu ya riga ya danna. Rediyo ya yi gurnaninsa, ya yi, ya yi kamar zai tofar. Sai muryar ta fashe a kan gonar gaba ɗaya.

"Jama'a ku matso! Kai mai rumbu, kai nake nufi, kada ka waiga! Kai ka yi huɗa, kai ka yi noma, kai ka sha rana, wani ƙato mai gashin baki yana kwance a ɗakinka yana ƙiba! Ya biya haya? Ya taɓa gaishe ka? Matarsa ta haihu a cikin garin tuwonka, an gayyace ka suna?"

Tsuntsayen da ke kan gawo suka tashi gaba ɗaya. Wani mai ɗauko ciyawa a can nesa ya tsayar da jakinsa. Ni kaina dariya ta taso min, na danne don kada ta shiga wayar. Na saci kallon Inna Dije. Ta miƙe tsaye ba tare da sandar ba, madubin na hannunta, tana kallon lasifikar rufin. Ta tako a hankali har jikin motar. Lawan ya sunkuyar da kai.

Malam Iro ya zage ɓera tas, ya koma kan kuɗin cizo, ya yi wa ƙwarin rumbu nasu, ya rufe da addu'ar Allah ya ba mai saye lafiyar amfani. Sai shuuu. A nan Lawan ya saba mayar da shi farko, don a kasuwa ba a barin lasifika ta huta, kuma hannunsa ya tafi da kansa. Habibu ya riƙe masa wuyan hannu. Shuuun ya ci gaba. Aka ji zakara a nesa, aka ji an ajiye wani abu kamar murfin tukunya. Sai muryar mace mai sauran ƙuruciya, daga can cikin gida.

"Malam, kai da ɓerayenka. Tuwon nan fa hucewa yake."

Sai shi kuma, ba da muryar kasuwa ba, da wata ƙarama mai taushi da ni da na san shi shekara da shekaru ban taɓa ji ba:

"Ga ni nan zuwa."

Ƙit, faifan ya tsaya.

Inna ce ta fara magana.

"Ƙarya yake, bai zo ba. Zama ya yi ya saurari kansa tun daga farko yana dariya, tuwon har ya yi fata."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa a dariya, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Tausayi ya kama ni sosai. Na sunkuya ƙarƙashin sitiyari ina duba wayar da babu abin da ya same ta.

Da ta natsa ta ce, "Lawan, ashe kullum da shi kake yawo ka bar ni? Sake sa shi."

Lawan ya danna. Rediyo ya yi gurnani ya tofo faifan. Ya goge ya mayar, ya sake tofowa. Na karɓa na gwada duk abin da na sani, a nan bakin gona da kuma washegari a rumfa, faifan bai ƙara cewa uffan ba har yau. Abin da wayoyinmu suka kama a gonar nan shi ne abin da ya rage na muryar Malam Iro.

Habibu ya zaɓi wanda ya fi fita, ya tace shi a kwamfutarsa, ya sa a memori, ya kwafa a wurare da dama don kada niyya ta sake cin Lawan. Ranar kasuwa motar ta fita, na ji ta tun daga kwanar gari. Wutsiyar nan ta ƙarshe kuwa Lawan ya ce a yanke, ba ta kasuwa ba ce. Habibu ya yanke ta ya sa a 'yar ƙaramar wayar Inna, ya nuna mata maɓalli ɗaya da za ta riƙa dannawa.

Matar Lawan ce ta gaya wa mai ɗakina sauran. Ta ce in an kwashe tuwo an kai wa Inna nata, ba ta buɗe kwanon nan da nan. Takan jawo wayar ta danna, ta ji ya ce ga shi nan zuwa, sannan ta wanke hannu.